Godiya bayan dashen ƙoda, har da ga wata mawaƙiya da ban taɓa gani ba

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Alhamdulillahi, an sallame ni, na dawo ɗakina, kuma ƙodar da aka dasa mini ta kama aiki. Wata goma sha ɗaya na yi ina zuwa wankin ƙoda sau biyu a mako. Wanda bai taɓa kwanciya awa huɗu jininsa na fita ta roba yana dawowa ba, Allah Ya sa kada ya sani.

Autan Inna, ban san da wane baki zan gode maka ba. Ranar da gwajinmu ya dace, ko shawara ba ka tsaya yi ba, cewa kawai ka yi, "Yaya, ai biyu gare ni." Allah Ya saka maka da Aljanna. Baban yara ya sayar da filin da ya yi shekaru yana tanadi, bai taɓa bari na ga damuwa a fuskarsa ba. Inna ta tare a gidana, matan adashinmu sun ba ni ɗauka tun kafin layina ya zo, samarin unguwa sun ba da jini. Likitoci da nas-nas, musamman wadda take dafa kafaɗata idan allura ta ƙi shiga, Allah Ya biya ku.

Akwai kuma wadda sai na ambata ko da wasu za su yi mamaki, wato Tina Turner. Addininmu ba ɗaya ba, shigarta ma ba irin tamu ba ce, amma labarinta ya riƙe ni. Muna yara marigayi Baba yana da kasetinta, mai hoton mace da gashi buya-buya. Muryar nan tata mai kaushi da ƙarfi ce ta dawo mini a gadon wanki, na ce 'yata ta nemo mini ita a waya. Tana saka mini waƙa a kunne, tana karanto mini tarihinta.

Sunanta na yanka Anna Mae Bullock. An haife ta a 1939 a jihar Tenesi ta Amurka, ta tashi a ƙauyen Nutbush tana tsinkar auduga tana waƙa a coci. A birnin St. Louis ta haɗu da mawaƙi Ike Turner, shi ya raɗa mata suna Tina, ya aure ta, suka yi tashe tare. A gaban jama'a tafi ake yi musu, a gida kuwa duka take sha. A 1976 a Dallas ta gudu da fuska a kumbure, kuɗin da ke hannunta santi 36 ne kacal, ko rabin dala bai kai ba. Da aka raba auren a 1978 ta haƙura da kusan duk dukiyar, ta ce a bar mata sunan da duniya ta san ta da shi. Ta yi shekaru tana waƙa a otal-otal tana biyan bashi, ana cewa tata ta ƙare. Sai ga faifanta Private Dancer a 1984, tana da shekara 44, waƙarta ta hau matsayi na ɗaya a Amurka. A 1988 mutum kusan 180,000 suka cika filin Marakana na birnin Riyo a ƙasar Brazil don kallonta. Sarauniyar kiɗan rok ake ce mata, kuma ta ci sunan.

Inda na fashe da kuka shi ne da 'yata ta iso kan rashin lafiyarta. Tun 1978 aka gano tana da hawan jini, ba ta ɗauke shi da muhimmanci ba, daga baya ma ta ajiye maganin asibiti ta koma wasu magunguna. A 2013 ta samu shanyewar ɓarin jiki, a 2016 ciwon dajin hanji, ƙodojinta kuma suka gaza. Mijinta na biyu, Bajamushe Erwin Bach, shi ya ba ta tasa a watan Afrilun 2017. Na ji kamar labarina ake karantawa, domin ni ma da ciwon kai ya lafa sai in tura ƙwayoyin ƙarƙashin filo in koma jiƙe-jiƙe, shekara da shekaru. A watan Maris na 2023 ta fito da kanta ta gaya wa duniya cewa sakacinta da hawan jini ne ya cinye mata ƙoda. Ranar 24 ga Mayu na shekarar ta rasu a gidanta kusa da Zurik a Suwizalan, tana da shekara 83. Mace mai wannan suna ba ta ji kunyar faɗin kuskurenta ba, shi ya sa ni ma na faɗi nawa a nan. Daren da na ji labarin mijinta ne na daina ce wa Auta a'a.

Masu son zuwa dubiya, ku yi mini afuwa, likita ya hana cunkoso na 'yan watanni saboda magungunan da nake sha suna rage garkuwar jiki. Ku kira ni bayan la'asar, ina ɗauka. Auta yana gidan Inna yana jinyar ɗinkinsa, don Allah ku biya ta can ku gaishe shi.

Na gode, na gode. Allah Ya bar zumunci.