Wai shanu na barci kuwa?

Wannan tambayar ta daɗe tana cina a rai, don ni dai tunda nake ban taɓa riskar saniya tana sharar barci irin namu ba, duk sanda ka leƙa garke ko da ƙarfe biyun dare ne zaka tarar suna kwance amma ido biyu, baki na ta motsi, kunne na kaɗawa. Har na fara yarda da masu cewa wai shanu basa barci sam.

Sai ranar da saniyar wani abokina ta kusa haihuwa muka kwana muna gadinta, ni da shi da tocila, shine na gani da idona. Ba ita mai cikin ba ma, wata ja ce a gefe da ta daɗe tana tuƙa, can sai naga bakin ya tsaya cak, ta lanƙwasa wuyanta baya ta ɗora kai a kan kwiɓinta kamar wadda aka naɗe, ido a rufe ruf, fatar idon na ɗan rawa, kunne ɗaya na zillo. Na taɓa abokina nace kai lafiya kuwa wannan? Yayi dariya yace barci take, rabu da ita. Wallahi ko minti 5 ba a yi ba ta ɗago, na hango wani ƙullutu ya taso ta maƙogwaronta zuwa baki, ta ci gaba da tuƙarta kamar ba ita ba.

Ashe shikenan barcin, haka suke yinsa guntu-guntu. Wani masanin dabbobi ɗan Faransa, Yves Ruckebusch, ya auna motsin ƙwaƙwalwar dabbobin gida ya fitar da sakamakon a 1972, abun da ya samu shine saniya bata wuce barcin awa 4 a cikin awa 24, sannan tana gyangyaɗi kusan awa 8. Shi kuwa barci mai nauyi, irin wanda mu mutane muke mafarki a cikinsa, duka-duka baya cika awa ɗaya a yini, shima ɗin a rarrabe, minti kaɗan nan minti kaɗan can. A wannan lokacin ne jijiyoyin wuya ke saki gaba ɗaya, kan ya mata nauyi dole ta samu inda zata jingina shi, shi yasa take ɗora shi a jikinta ko a ƙasa. To wannan ne na gani a daren.

Gyangyaɗin ne ke ruɗa mutane. Saniya na iya tuƙa tana gyangyaɗi, ido rabi a buɗe, tana ma iya yinsa a tsaye, amma barcin gaske sai ta kwanta. Doki ne gwanin barcin tsaye saboda ƙafafunsa na da yanda suke kullewa, shima ɗin kuma in barci mai nauyi yake so sai ya kai ƙasa.

Abun da yafi burge ni shine dalilin da yasa basa miƙewa su baje ta gefe su daɗe. Tumbi ne. Ciyawar da ke ciki tana ta ruɓa dare da rana tana fitar da iska, iskar nan kuma dole ta fita ta gyatsa, to in saniya ta kwanta a kan ƙirjinta ƙafafu a naɗe hanyar gyatsar a buɗe take, in ko ta daɗe shimfiɗe ta gefe abun cikin sai ya toshe hanyar, ciki ya kumbura ta ɓangaren hagu, yana iya kashe ta ma. Shi yasa mai kiwo in ya ga babbar saniya ta baje ta daɗe bata motsa ba hankalinsa ke tashi. Maraƙi ƙarami bashi da wannan matsalar tunda tumbinsa bai fara aiki sosai ba, shi kam yana shan barcinsa ya more. Ga kuma tsoro na gado, dabbar da namun daji ke farauta ai bata sakin jiki da dogon barci.

Ni a ganina inda ake cutar shanu shine ɗaukar kwanciyarsu a matsayin lalaci. Saniya mai nono na buƙatar kwanciyar awa 10 zuwa 12 ko fiye a yini, a kwancen take yawancin tuƙarta, kofato ya huta, jini ma yafi gudana zuwa hantsa. In wurin ya jiƙe ya caɓe, ko yayi musu kaɗan, ko zafi yayi yawa, sai su wuni a tsaye, daga nan kuma sai ciwon ƙafa da raguwar nono, mai su yana ta neman magani alhali busasshen wurin kwana kawai suka rasa. Kuma tashinsu ma sai da fili a gaba, don saniya baya take fara ɗagawa, ta tura kai gaba sannan ta miƙe ƙafafun gaba, doki kuwa da gaba yake farawa.

Ita mai cikin dai bata haihu ba sai da gari ya fara wayewa, ni kuma lokacin tuni na ɓingire a kan buhu, tocila a kunne a hannuna, sai tashina akayi naga maraƙi a jiƙe uwar na lasarsa.