Furar Cuku da Burodin Rairayi

Agadas, Laraba da dare.

Sanyin garin nan ba wasa. Da asuba sai da na ɗumama ruwa kafin in yi alwala, ina idar da sallah kuwa na sake shigewa bargo. Yaya ce ta tashe ni da ƙwarya a hannu, wai surukarta ta aiko wa baƙuwar Kano da fura.

Ba irin tamu ba ce ta gero da nono. An kirɓa gero da dabino da cuku a turmi guda har suka haɗe, sannan aka dama da ruwa. Babu sukari ko ƙwaya. Zaƙin dabinon ne ya riƙe ta, cukun kuma ya bar ɗan tsami da maiƙo a bayan harshe. Na shiga ɗakin tsohuwa na durƙusa, na ce, "Inna, an gode, Allah ya ƙara girma. Wannan ai ta wuce karin kumallo." Ta yi dariya ta ce, "'Yar nan, guzurin matafiya ne kika sha. Da shi ayarin raƙuma ke ratsa hamadar Tenere zuwa Bilma ɗauko gishiri." Gaskiyarta. Har azahar ban ko tuna da abinci ba.

Da hantsi muka tafi kasuwa ta cikin tsohon gari, muka bi ta gindin hasumiyar babban masallaci, ginin ƙasa tsantsa mai tsawon mita 27, itatuwa sun leƙo ta kowane gefe. Ni dai hankalina na kan cuku, ina so in ga yadda yake kafin ya shiga turmi. Falle-falle ne, busasshe, da layi-layin tabarmar da aka shanya shi a jikinsa. Mai sayarwa ta ɓantaro min. Ya yi tauri, kuma shi kaɗai bai burge ni ba, sai da Yaya ta ce in jira in gan shi gasasshe a kan garwashi tare da shayi. Mun sayi lemu da rumman na Timiya, can cikin duwatsun Abzin, inda ake noman lambu. Mutum ya ga ƙurar da ke tashi a titi, ba zai ce kusa da nan ake samun lemu mai ruwa haka ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a daren nan shi ne na bayan la'asar. Maigidan Yaya ya kwashe mu a mota zuwa bayan gari, wurin wani amininsa Ba'abzine mai kiwon awaki. Dattijon ya ce yau sai mun ci tagalla, burodin da suke gasawa a cikin rairayi. Ya zuba garin alkama a kwano, gishiri kaɗan, ruwa, ya yi ta murzawa da hannu, ba yis ba mai. Ya daɗe yana murza kwaɓin nan yana hira. A gefe wuta ta ci ta zama garwashi. Ya sa sanda ya ture garwashin, ya gyara rairayin da ke ƙasa ya yi masa ɗan kwarmi, ya shimfiɗa kwaɓin a kai haka nan tsirara, ba faranti ba ganye, ya mayar da toka da rairayi mai zafi da garwashi ya binne.

Na kalli Yaya, ta kau da kai tana murmushi. Na ce, "Baba, ƙasa fa?" Ya ce, "Ki bari ki gani, ɗiyata."

Bayan kamar minti 20 ya tone, ya juya ɗaya gefen, ya sake binnewa. Da ya fito da shi sai ya ƙwanƙwasa da yatsa yana saurare, ya kakkaɓe, ya kankare da wuƙa, ya ɗauraye da ruwa sama-sama. Zafin rairayin yakan ƙame bayan kwaɓin nan take, shi ya sa ƙasar ba ta samun wurin kamawa. Muka zauna muka gutsuttsura shi ƙanana a babban akushi, matarsa ta kwarara miyar tumatir da albasa da naman akuya, ta bi da man shanu. Na tauna a hankali ina jiran in ji ƙasa a haƙori. Shiru. Bayansa da ƙamshin hayaƙi, cikinsa da nauyi da danƙo, ya sha miya bai narke ba. Burodin kanti da an zuba masa miya ya zama kunu. Sai dai tagalla ba abin da za a ci a kwanta ba ne, yana zama a ciki kamar tuwon dawa na dare.

Shayi ya biyo baya, zagaye uku, da kumfarsa a ƙananan kofuna. Nan aka gasa cukun. Ya yi laushi, gefensa ya soyu, ƙamshi ya tashi. Yanzu kam na yarda da shi.

Muna dawowa 'ya'yan Yaya suka tare ni da alkawarin gullisuwa. Na gaji, amma an ciyar da ni yini guda, ba kyau in kwanta hannu rabbana. Na narka sukari a ruwa kaɗan, na zuba madarar gari na murza har ya haɗe, yaran suka taya ni mulmulawa, rabi a faranti rabi a baki. Sirrinta wuta kaɗan-kaɗan. Madara ba ta da haƙuri, in mai ya yi zafi sosai bayanta ya ƙone cikinta da saura. Na soya har ta yi ja, na kai wa Inna nata tun da ɗumi. Ta ce haƙoranta sun yi ritaya, amma ta ɓoye a gefen zane, wai saboda jikoki. Autan gidan yana ta kewaya ɗakinta har yanzu.

Yaya ta ce gobe dambun zogale ne, kuma ni ce mai gyaran ganye. Zan koma wurin mai cukun nan kafin rana ta yi zafi, in sayi na tsaraba.