Zanen fili ya karkace a AutoCAD, ashe SNAPANG ce

'Yan uwa masu koyo, alhamdu lillahi, yau zanen filin nan ya miƙe, arewa ta koma sama. Ku bari in faɗa muku inda gizo yake saƙa, domin na san wasunku za su karɓi irin wannan fayil daga hannun safiyo.

Filin yana bakin titin da ya tafi a karkace. Wanda ya yi zanen ya juya kallon don titin ya kwanta daidai a allo. Ni kuwa arewa nake so a sama kafin in ɗora gida a kai. Na duba alamar UCS, wato tsarin da ke nuna inda X da Y suka dosa, a kusurwar hagu ta ƙasa, ga ɗan murabba'in nan a mahaɗar X da Y, wato World take, tsarin asali, ba a taɓa ta ba. Na buga PLAN, na zaɓi W, zane ya miƙe. Na ce shi ke nan.

Ina! Giciyen da ke bin maus sai ya kwanta a karkace. Na danna F8, mai tsayar da layi a tsaye ko a kwance, na ja layi, layin ya bi karkatar, kusan digiri 23. Zane a miƙe, UCS a World, amma duk bangon da na ja sai ya fito a gicciye. Na rufe fayil na buɗe, yana nan. Na duba ANGBASE, ba ita ba ce, ita inda ake fara ƙirga kusurwa kawai take sauyawa. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na yi tunanin kwashe komai zuwa sabon fayil.

Abin da ya faru shi ne, mai zanen DVIEW ya yi amfani da ita, ya murɗa kallon da TWist. Murɗawar nan ba ta taɓa UCS, kallo kawai take juyawa, sai giciye ya karkace tare da zanen. Don ya miƙar da giciyen sai ya sa wa SNAPANG, wato saitin kusurwar giciye, kusurwar da za ta rama. Da na warware kallon, ramuwar ta zauna a wurinta. Na buga SNAPANG, na sa 0, nan take giciye ya miƙe. Wallahi sai da na tashi tsaye don murna. Abu uku ne dabam-dabam ke karkacewa: UCS, kallo, da giciye, kowanne da maganinsa.

Don Allah kada wanda ya kama zanen da ROTATE ya juya shi. Lambobin kusurwoyin filin na gaske ne, safiyo ya ɗauko su a kan Minna datum, shiyya ta 32 ta UTM. Kana juya zanen ka raba shi da ƙasar da aka auna. Na gwada ID, umarnin da ke nuna lambobin wuri, a kan bikon ɗaya, wato alamar iyakar fili, lambobin sun yi daidai da na takarda, sannan hankalina ya kwanta.

A Layout ma, wato shafin bugu, an sha fama. Tagar da ke nuna zanen a shafin tana kulle, sai da na buɗe ta. Ita tana riƙe da nata UCS ɗin a juye saboda UCSVP na kan 1, sai na shiga ciki na buga UCS, W. PLAN a nan tana da illa: tana jawo zanen gaba ɗaya ya cika taga, sikelin 1:200 ya tafi. Haka takardar A1 ta fito daga shagon bugu babu sikeli, kuɗin bugu biyu ke nan na biya, kuma ya yi min ciwo. A cikin taga gara DVIEW, TW, 0, ita tana barin girman yadda yake. In sikeli ya riga ya tafi, ZOOM da 1/200XP in a milimita kake, sannan ka kulle. Ku duba UCSFOLLOW ma, in tana kan 1 zane zai riƙa tsalle duk lokacin da kuka shiga tagar. Ku mayar da ita 0.

Saura rubuce-rubucen da suka zauna a karkace tun daga wancan kallon. Gobe in sha Allahu zan zaɓe su da QSELECT in mayar da Rotation ɗinsu 0, sannan in fara bangon waje.