Wasiƙa daga Kuala Lumpur: Zaman ASEAN da Ƙasar Sin

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ina rubuto muku ne daga babban birnin Malesiya kan wani lamari da ba kasafai yake samun gurbi a labaranmu ba, wato dangantakar ƙasar Sin da ƙungiyar ƙasashen kudu maso gabashin Asiya, ASEAN. A ƙarshen Oktoban 2025 an yi taron ƙolin ƙungiyar a wannan birni. Ranar 26 ga watan aka karɓi Timor-Leste a matsayin mamba ta 11, Shugaba Donald Trump na Amurka kuma ya zo aka yi masa tarba ta girma. Kwana biyu bayan haka, Trump ya riga ya wuce zuwa Japan, aka sa hannu kan zubi na uku na yarjejeniyar ciniki marar shinge tsakanin Sin da ASEAN, a gaban Firaministan Sin Li Qiang da mai masaukin baƙi, Firaministan Malesiya Anwar Ibrahim. Baƙi biyu da ba sa ga maciji da juna, kowa ya zo ya tafi da abin da zai nuna a gida. Haka mutanen nan suke tafiyar da diflomasiyyarsu, kuma sun daɗe suna yi.

Wanda ya ga wannan zumunci yau ba zai yarda da yadda aka faro ba. Lokacin da Indonesiya da Malesiya da Filipins da Singafo da Tailan suka kafa ASEAN a Bangkok ranar 8 ga Agustan 1967, tsoron kwaminisanci na cikin manyan abubuwan da suka haɗa su, Beijing kuwa a wancan zamani tana mara wa 'yan tawayen kwaminis baya a yankin. Malesiya ce ta fara karya ƙanƙarar ta ƙulla hulɗar jakadanci da Sin a 1974, a zamanin Firaminista Tun Abdul Razak, alhali 'yan tawayen suna cikin dajinta ba su ajiye makamai ba sai 1989. Indonesiya ta jingine hulɗa da Sin a 1967, ba ta maido da ita ba sai 1990. A shekarar da ta biyo baya ministan harkokin wajen Sin, Qian Qichen, ya zo Kuala Lumpur a matsayin baƙo a taron ministocin ƙungiyar. Daga nan ake ƙirga shekarun dangantakar.

Abin da ya sauya zukata da gaske shi ne rikicin kuɗi na 1997. Kuɗin Tailan ya faɗi, na Indonesiya ya zama kamar takarda, bankuna suka durƙushe, Asusun Lamuni na Duniya ya zo da bashi mai ɗaure da sharuɗɗan da har yau ake tunawa da su da ɗaci a Jakarta. Kowa ya zuba ido ya ga ko Sin za ta karya darajar kuɗinta, yuwan, don kare kasuwanta, wanda da ta yi da ta ƙarasa maƙwabtan nata. Ba ta yi ba. Ko don tausayi ne ko don lissafin kanta, wannan ba shi ne damuwar wanda ruwa ya ci ba. A 2000 aka kafa shirin Chiang Mai na musayar kuɗi tsakanin ASEAN da Sin da Japan da Koriya ta Kudu, wanda daga baya ya kai dala biliyan 240. A 2002 aka sa hannu kan tsarin yarjejeniyar ciniki, ta kuma fara aiki gadan-gadan ranar 1 ga Janairun 2010, aka cire haraji kan kusan kashi 90 cikin ɗari na kayayyaki. Kambodiya da Lawos da Myanmar da Biyetnam, da yake ƙarfinsu bai kai ba, aka ɗaga musu ƙafa zuwa 2015.

Cinikin ya bunƙasa fiye da zato. Tun 2009 Sin ce babbar abokiyar cinikin ASEAN, tun 2020 kuma ASEAN ta sha gaban Tarayyar Turai ta zama babbar abokiyar cinikin Sin. A 2024 hada-hadar ta kusa dala tiriliyan ɗaya bisa alƙaluman hukumar kwastan ta Sin. Sai dai a cikin alƙaluman nan akwai wani da ba a cika karanta shi a wajen bikin sa hannu ba: abin da Sin ta sayar wa yankin ya ɗara abin da ta saya da kusan dala biliyan 190.

Ga abin da na fahimta a zamana a nan, kuma shi ne dalilin wasiƙar. Sin tana son ASEAN a dunƙule idan maganar kasuwa ce, domin hannu ɗaya za a sa a buɗe mata kasuwar mutum kusan miliyan 700. Idan kuwa maganar iyaka ce da ikon ƙasa, sai ta ce a zo ɗaya bayan ɗaya. Tekun Kudancin Sin shi ne madubin wannan. Beijing na da'awar mafi yawan tekun, da'awar da ta ci karo da ta Filipins da Biyetnam da Malesiya da Brunei. A 2002, a taron Phnom Penh ɗin da aka ƙulla maganar ciniki, aka fitar da sanarwar kyautata hali a tekun, da alƙawarin za a biyo ta da ƙa'idoji masu ƙarfi. Ciniki ya tafi, an sabunta shi sau biyu. Ƙa'idojin kuwa, fiye da shekara 20 ke nan, ana nan ana tattaunawa.

A Yulin 2012 aka ga inda ɗinkin yake da rauni. Filipins ta nemi a ambaci takun-saƙar da ta yi da jiragen Sin a Scarborough, wani yanki na tekun, cikin sanarwar bayan taron ministoci, Kambodiya mai riƙe da shugabanci, wadda Sin ce babbar mai ba ta bashi da jari, ta ƙi. Aka watse ba sanarwa, karo na farko cikin shekara 45. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Da yake ASEAN ba ta yanke hukunci sai kowa ya amince, mai son toshe ta ba ya buƙatar rinjaye, ƙasa ɗaya ta ishe shi. Ko da kotun sasanci a birnin Hague ta yanke a Yulin 2016 cewa da'awar Sin ba ta da tushe a dokar teku, Beijing ta yi fatali da hukuncin, ƙungiyar kuma ta kasa ambatarsa a sanarwarta.

Duk da haka ba na cikin masu cewa ASEAN taron shan shayi ce. Dabararta ita ce kada baƙo ɗaya ya mallake zauren. Ta sa Sin ta rattaba hannu kan yarjejeniyarta ta zumunci da haɗin kai a 2003, ta sa Indiya ta yi a rana guda, Japan da Rasha suka biyo baya, Amurka ta shigo a 2009. Da ta ɗaga darajar dangantakarta da Sin a 2021, ta yi wa Ostireliya haka a shekarar, ta yi wa Amurka da Indiya a 2022. Babbar yarjejeniyar ciniki ta RCEP mai ƙasashe 15 da ta fara aiki a 2022 ma daga ASEAN tunaninta ya fito. A Mayun 2025 har ƙasashen Larabawa na yankin Gulf ta zaunar da Sin a teburi ɗaya a nan. Ƙaramar ƙasa ita kaɗai ba za ta tara waɗannan manya ba.

Amma ƙungiya ƙofa kawai take buɗewa. Abin da kowace ƙasa ta samu ya danganta ne ga yadda ta iya ciniki. A 2018 Mahathir Mohamad ya dawo mulki yana da shekara 92, ya dakatar da aikin layin dogo na gabashin Malesiya da kamfanin Sin ke ginawa, ya je har Beijing ya yi gargaɗi kan sabon salon mulkin mallaka, Firaminista Li Keqiang na tsaye a gefensa. Mutane suka ce dattijon ya ɓata rawarsa da tsalle. A Afrilun 2019 kuɗin aikin ya sauko daga ringit biliyan 65.5 zuwa biliyan 44, aka ci gaba da aiki, zumunci bai ɓaci ba. Indonesiya ta bi wata hanyar: daga Janairun 2020 ta hana fitar da ɗanyen ma'adinin nikel, ta ce mai so ya zo ya narka a gida. Kamfanonin Sin suka zo da jari suka gina masana'antu a tsibirin Sulawesi, abin da ƙasar ke samu daga nikel ya ninka sau da yawa. Ba kyauta aka samu ba: yawancin matatun a hannun baƙi suke, kwal suke ƙonawa, kuma gobarar da ta tashi a wata matata a Morowali a Disambar 2023 ta kashe ma'aikata kusan 20. Tarayyar Turai, ba Sin ba, ita ce ta kai Indonesiya ƙara a Ƙungiyar Ciniki ta Duniya kan wannan mataki. Wannan ma abin lura ne.

Lawos kuwa ta samu jirgin ƙasa mai sauri daga iyakar Sin zuwa Vientiane a Disambar 2021, aikin kusan dala biliyan 6, kashi 70 cikin ɗari mallakin ɓangaren Sin. Jirgin na aiki, 'yan yawon buɗe ido da kaya na shige da fice. Amma bashi ya yi wa ƙasar katutu har ta miƙa ragamar manyan layukan wutar lantarkinta ga wani kamfanin haɗin gwiwa da Sin ke da rinjaye a cikinsa. Ita ma mamba ce kamar Malesiya, yarjejeniya ɗaya ce ta rufe su.

Yanzu matsin ya zo ta fuska biyu. Kayan Sin masu araha da Amurka ta toshe wa hanya suna kwararowa nan, masaƙun Indonesiya na rufewa, har gwamnatin ƙasar ta hana manhajar sayayya ta Temu aiki a 2024. A ɗaya ɓangaren, Amurka ta ɗora wa yawancin ƙasashen yankin harajin kashi 19 ko 20 cikin ɗari a 2025, tare da barazanar kashi 40 ga duk kayan da ta ce na Sin ne aka sauya wa tambari. Matsalar ita ce masana'antun Biyetnam da Tailan da Malesiya da kayan haɗin Sin suke aiki, kasuwar Amurka kuma suke sayar wa. Kowace ƙasa ta je Washington ita kaɗai ta yi nata cinikin, duk da kiran da Anwar ya yi na a tafi tare.

Filipins ce mai shugabancin ƙungiyar na 2026, shekarar da ɓangarorin biyu suka ɗiba don kammala ƙa'idojin tekun. Ita ce kuma ƙasar da jiragen tsaron gaɓar Sin suka fi yi wa feshin ruwa. Manila na son ƙa'idojin su zama doka mai ɗaure kowa, Beijing ba ta taɓa cewa ta yarda da hakan ba, kuma har yanzu ba a ma daidaita kan wane yanki na tekun za su shafa ba. Idan an samu wani motsi, in Allah ya yarda zan rubuto muku.

A gaida kowa da kowa. Wassalam.

Naku,
Ɗan'uwanku a Kuala Lumpur