Gardamar Mustang mai zuwa, daga bakin ramin gareji

Asabar ce ranar gardama a garejina. Masu motoci ba sa zuwa ofis, sai su kawo mota da sunan canjin baƙin mai, su ja benci ƙarƙashin rumfa su zauna har la'asar. Makon jiya mutum uku suka haɗu, dukkansu masu Mustang, kuma kafin yarona ya gama kwance filta sun riga sun raba gari a kan motar da ko zanenta kamfanin Ford bai fitar ba. Ɗaya ya rantse cewa mai zuwa ta lantarki ce, an gama da injin mai silinda takwas. Na biyu ya ce shi da idonsa ya ga hoto a waya, ƙofa huɗu za a yi mata. Na ukun, wanda ya fi su kuɗi kuma ya fi su ƙarancin magana, cewa ya yi in dai aka taɓa rurin nan na salansa, shi da Ford haihata-haihata. Sai suka juyo kaina: "Oga, kai ne malamin, raba mana gardama."

Na ce musu, ranku ya daɗe, ku kuna gardamar amarya, ni kuwa sai ta yi zawarci take zuwa hannuna.

Ba wasa nake yi ba. Duk Mustang da ta taɓa hawa ramina, sai da wani ya more ta a Amurka, yawanci kuma sai da ya buga ta. Kamfanin inshora ya biya shi, ya kai motar gwanjo, dillalinmu ya saye ta ta intanet, ta hau jirgin ruwa zuwa Legas ko Kwatano, fanel bita ya miƙe ta, mai fenti ya rufa mata asiri, sannan ta fito bakin titi a Abuja tana ƙyalli. Waɗanda suka fi zuwa mini yanzu ƙirar 2015 zuwa 2020 ne. Sabuwar da aka nuna a Detroit a watan Satumba na 2022, wadda ake kira ƙirar 2024, sau biyu kacal na buɗe bonet ɗinta. To, wadda za ta gaje ta, in Allah ya ba mu rai, sai furfurata ta gama cika kafin in sa mata sifana. Amma yaran da ke hannuna yau, su ne za su ci abinci da ita ko su rasa, shi ya sa gardamar ta shafe ni fiye da masu yin ta.

A Panteka ta Kaduna na koyi aiki, a kan Fijo 504 da 505, zamanin da maigidana ke saita kafireta da kunne, yana taunar goro, bai ko kalli injin ba. Na dawo Abuja na kama fili a Apo. Yau ina da yara shida da rewaya ɗaya, fanel bita kuwa na maƙwabci muke aro. Kada wani ya ɗauka Mustang ce ke ciyar da mu. Tuwon gidan Corolla ne da Camry da Accord, Mustang man shanu ce a kan miya. Da wata 'yar 2006 mai silinda shida aka fara, wadda gareji uku suka juya mata baya don ba su san inda za su samo kayanta ba. Na rufe ido na karɓa, na yi sati biyar ina jiran kaya daga Amurka, mai ita yana zuwa kullum yana yi mini kallon ɓarawo. Da ta tashi, shi ya kawo abokinsa, abokin ya kawo ƙaninsa.

Abin da ke kashe motar nan a wurinmu ba gudu ba ne, duk da sunan da aka yi mata. Na farko hanya. Mota ce mai ƙasa-ƙasa, an yi ta don shimfiɗaɗɗen titi, mu kuma kowace unguwa sai ta gina nata tudun rage gudu, wani kamar kunyar dankali. Bamba ta gaba da robar ƙarƙashin injin su ne abincin tudun nan. Na biyu baƙin mai. Injin 5.0 da suke kira Coyote, daga ƙirar 2018 zuwa sama, yana shan kusan lita tara da rabi. Mutum ya sayi mota ta miliyoyi, amma in ka faɗa masa kuɗin mai na gaske har lita tara da rabi sai ya ce yana da wani yaro da ke kawo masa a rabin kuɗi. Jarkar iri ɗaya, tambarin iri ɗaya, abin da ke ciki Allah kaɗai ya sani. Na daina jayayya a kan wannan. Wanda ya zo da mansa, shi zai tsaya a zuba a gabansa, kuma in rubuta a littafi cewa nasa ne.

Na uku fetur. Wanda ke wannan sana'a a watan Fabrairu na 2022 bai manta gurɓataccen man da aka shigo da shi mai yawan sinadarin methanol ba. Sati biyu muna sauke tanki muna wanke famfon mai. Ƙaramin injin, EcoBoost 2.3 mai silinda huɗu da turbo, shi ya fi tsantsami a kan mai, domin nozul ɗinsa kai tsaye yake fesawa cikin silinda, fetur ba ya bi ta kan bawul ɗin shigar iska balle ya wanke shi, sai baƙin dauɗa ya taru ya daskare. Aikin kankare shi yini guda ne, kuma ba aikin sabon yaro ba ne. Abin mamaki, tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, wannan ƙaramin injin da masu takwas ke yi wa dariya shi dillalai suka fi kawowa. Wani ma ya roƙe ni in nemo masa salansar da za ta sa huɗu ta yi kukan takwas. Na ce masa ɗan Alhaji, ko an sa wa akuya ƙararrawar raƙumi, tafiyarta ba ta canjawa.

Asara mafi zafi da na taɓa yi ma ba a injin ba ce. Wata ja ce 'yar 2017, ba ƙwarzane ko ɗaya a jikinta, ashe ambaliya ce ta cinye ta a can. Na karɓi aikin a kan gyaran fitilar gargaɗi guda ɗaya, na yanke kuɗi. Da rewaya ya ɗaga kafet sai muka ga laka busasshiya da wayoyi sun yi kore. Yau gilashi ya ƙi sauka, gobe sitiyari ya yi nauyi, jibi mota ta ƙi gane makullinta. Wata uku tana cin wuri a garejin, ribar Camry goma ta tafi a kanta. Tun daga ranar, kafin in buɗe bonet sai na sa hanci a ƙarƙashin kujera.

To, mu koma ga gardamar masu benci. Abin da na faɗa musu shi ne, wannan ba shi ne karo na farko da aka yi wa Mustang jana'iza tana da rai ba. An fara sayar da ita ranar 17 ga Afrilu 1964, a kan dala 2,368, kuma a shekarar farko an sayar da fiye da 400,000. Da rikicin mai na 1973 ya zo, ƙirar 1974 ta fito ƙarama, ba ma injin takwas a Amurka a shekarar, mutane suka ce ta mutu. A 1987 labari ya fasu cewa Ford na shirin maye gurbinta da wata mai jan tayar gaba, wadda aka gina a kan ƙashin Mazda. Masoyanta suka yi wa kamfanin ruwan wasiƙu, aka fasa, waccan motar ta fito da sunan Probe ta yi zamaninta ta wuce. Masana'antar Flat Rock ta jihar Michigan da ta ƙera Probe ɗin, ita ce ke ƙera Mustang yau. Sannan a watan Janairu na 2017 Ford da bakinsa ya sanar da Mustang mai haɗa fetur da lantarki nan da 2020. Shekarar ta zo ta wuce, ba mu gan ta ba. Abin da aka nuna a ƙarshen 2019 shi ne Mach-E, doguwar mota mai ƙofa huɗu ta lantarki zalla, aka manna mata dokin tambarin Mustang a goshi. Saboda haka mai cewa lantarki da mai cewa ƙofa huɗu, kowa yana da inda ya jingina. Idan maganar kamfani da kansa tana iya tashi a banza, ina ga hoton da wani ya zana a kwamfuta ya watsa a waya?

Ni hasashena, kuma hasashen bakanike ne, injin takwas ba zai tafi a zubi mai zuwa ba. Dalilina na kasuwa ne. A watan Disamba na 2023 aka daina ƙera Chevrolet Camaro da Dodge Challenger, kishiyoyinta biyu, fili ya zama nata ita kaɗai. Ba ɗan kasuwar da maƙwabtansa za su rufe shago shi ma ya kwashe kayan da ake zuwa nema. Shugaban Ford, Jim Farley, ya faɗa a 2024 cewa za su ci gaba da injin takwas muddin Allah da 'yan siyasa suka bar su. Amma dokokin hayaƙi na Turai ba su san ruri ba. Abin da nake gani shi ne za a bar takwas ɗin a rataya masa injin lantarki da ƙaramin batir, kamar yadda Chevrolet ya yi wa Corvette E-Ray a 2023, Porsche kuma ya yi wa 911 a 2024. Mai kuɗin nan ya ji haka ya saki fuska, ya ce in dai za ta yi kuka, su rataya mata ko janareta ne.

Shi ya samu abin da yake so. Ni kuwa a nan damuwata ta fara, kuma ba wanda ya tambaye ni ita.

Tambayata ba silinda nawa ba ce. Tambayata ita ce, in ta iso Apo a buge, za ta yarda in shiga? Ƙirar 2024 ta riga ta nuna inda aka dosa. An cire agogunan gaban direba an sa allon gilashi biyu, ɗaya inci 12.4, ɗaya 13.2, har na'urar sanyaya mota ta allo ake sarrafa ta. Ƙwaƙwalwar injin kuma a kulle ta zo, su kansu masu ƙara wa mota ƙarfi a Amurka sun daɗe kafin su samu hanyar buɗe ta. Na fahimci dalilin, motar da ke karɓar sabon umarni ta intanet dole a yi mata ƙofa mai ƙarfi, in ba haka ba ɓarawo ma ya shiga. Sai dai motar gwanjo da jakar iska ta fashe mata, aka canja fitila, aka canja na'urar birki, kowane ƙaramin akwati da ka sa mata sai an gabatar da shi ga uwar ƙwaƙwalwa ta karɓe shi. Da, in Ladipo, kasuwar kayan mota ta Legas, ta aiko da kaya, ɗaurawa kawai za ka yi. Yanzu sai kwamfuta, sai rajistar da ake biya da dala, sai intanet da ba zai yanke a tsakiyar aiki ba, sai wutar da ba za ta ɗauke ba. Rabin jarin da na zuba a shekara uku da suka wuce ba ƙarfe na saya da shi ba, na'urar bincike ce da kwamfuta da batiran sola.

Ƙara batir mai ƙarfin wuta a kan wannan. Wayoyin nan masu launin ruwan lemo da ke cikin mota mai haɗin lantarki ba irin na batir mai bolt 12 ba ne da yaro zai gwada da sukundireba ya ga tartsatsi ya yi dariya. Suna kisa. Ga zafin Maris na Abuja, wanda ba batirin da ke ƙaunarsa. Ga kuma batirin da ya sha karo a Texas, ya yi wata biyu a cikin kwantena a kan teku, ba wanda ya san halin da yake ciki. Da na tuna jar motar nan ta ambaliya, sai na ce ashe ita da sauƙi, nata wayoyin kore kawai suka yi.

Babban yarona, wanda shekararsa bakwai a hannuna, yana iya sauke giyabos ɗin Mustang ya mayar ban duba ba. Hannunsa ya fi nawa a yanzu, ba na jin kunyar faɗa. Amma in na miƙa masa na'urar bincike sai ya riƙe ta kamar an ba shi jaririn wani. Ƙaramin cikinsu kuwa, wanda ya gama sakandare bara, har yau bai iya ɗaure ƙusar taya daidai ba, amma shi ke karanta mini abin da na'urar ta rubuta, kuma shi ya gano inda ake sauke zanen wayoyin kowace ƙira. Da dare bayan masu gardama sun tafi na kira su biyun. Akwai wani abokin sana'a a nan Apo da ya ƙware a batiran Prius da Camry masu haɗin lantarki, mun yi magana zai karɓi mutum ɗaya na wata shida, ni zan riƙa biyan kuɗin mota da na abinci.

Babban ya sunkuyar da kai ya ce, "Oga, a tura ƙaramin, shi ne ɗan boko."

Na ce a'a, kai za ka je. Shi ƙaramin zai zauna ya koyi ƙusar taya, in ka dawo shi ma ya tafi. Na riga na ba da saƙon safar hannu ta roba mai jure wuta, ƙafa biyu, tare da famfon ruwa na wata baƙar Mustang GT da ke kan jak tun ranar Talata. Dillalin ya ce kayan za su sauka Legas nan da sati uku, wato sati biyar ke nan.