Haƙarƙarin Saniya Ya Fi Ƙwarya Faɗin Gaskiya

Lokacin da na fara binciken digirina na biyu a kan shanun tatsa, a wata ruga cikin gandun kiwo na Ladduga da ke ƙaramar hukumar Kaciya a jihar Kaduna, ƙwarya kawai na sa wa ido. Kullum da sassafe ina tsugune kusa da uwargidan rugar, ita tana tatsa, ni ina juye nonon a kofin awo ina rubutawa.

Ban yi wata guda ba na gane lissafin nan da gyara. Saniyar Bunaji, wato irin fararen shanun Fulani, ba ta sakin nono sai maraƙinta ya fara tsotsa. A kwance shi daga dangwali, ya ja hantsa kaɗan, a janye shi a tatsa, sannan a bar masa saura. Kuma Inna, uwargidan, ita ke yanke rabon: in maraƙi ya rame ta rage tatsa, in gobe kasuwa ta ɗan ƙara. Ashe abin da nake aunawa rabon gida ne, ba duk abin da saniyar ta samar ba. Dole na koma ina auna girman maruƙan su ma.

Wata safiya ina yabon wata farar saniya da ta fi kowace cika ƙwarya, sai maigidan ya girgiza kai.

"Yaro, bar kallon ƙwarya. Zagaya ka dubi bayanta."

"Me zan gani, Baffa?"

"Jikinta take tatso maka."

Na zagaya. Ƙashin ƙugu ya fito, gindin wutsiya ya yi rami, tozo ya kwanta, haƙarƙari kuwa daga nesa ana ƙirga su. A jakata akwai ma'aunin ƙibar shanu masu tozo da cibiyar binciken dabbobi ta ILCA a Adis Ababa ta fitar a 1986, mai mataki 1 (mafi rama) zuwa 9 (mafi ƙiba). Waɗannan wuraren da tsohon ya nuna mini da sandarsa, su ne dai ma'aunin ya ce a duba a shafa. Daga ranar, duk mako biyu sai na ɗora hannu a kan kowace saniya na ba ta maki.

Dalilin ramar ba ɓoyayye ba ne. Da zarar ruwa ya ɗauke, gamba da kyasuwa sai su bushe su zama kara. Ƙananan halittun da ke narka ciyawa a tumbin saniya suna buƙatar furotin kamar kashi 7 cikin 100 na abin da ta ci, busasshiyar ciyawar rani kuwa ba ta kai haka. Ciki ya cika, amfani babu. Ga doguwar tafiyar neman ruwa. Mai shayarwa ba ta fasa ba ɗanta nono, sai ta narka kitsen jikinta, in ya ƙare ta shiga tsoka. Hasarar da ta fi ciwo ma ba a ƙwarya take ba: ramammiyar saniya ba ta saurin neman bijimi. Shi ya sa a rugage da yawa haihuwa zuwa haihuwa kan kai shekara biyu, alhali cikin wata tara ne da 'yan kwanaki.

Kuskurena babba shi ne na makara. Sai a watan Maris na fara ba masu shayarwa ƙulin angurya da dusa, bayan sun riga sun zube. Na yi ta jiran ƙwarya ta cika, shiru. Abincin ya tafi gyaran jiki. Waɗanda suka sami harawa da dusa tun watanni biyu kafin haihuwa, su ne suka haihu da ƙarfinsu, nononsu ya jima bai ja baya ba. Akwai kuma wadda ta ci ta ci ba ta motsa daga makinta ba, sai da likitan dabbobi ya duba jininta ya ga sammore. Ƙudan tsando mai yaɗa cutar na nan a yankin, ni kuma ban sa shi a lissafi ba.

Abu ɗaya muka daɗe muna ja da Baffa. Ni ina son abincin ya tsaya kan shanun da na ware, shi kuma sai ya ɗiba ya kai wa wata tsohuwa da ke neman kasa tashi. Da farko na ji zafi, don yana rikita mini lissafi. Daga baya na karanta cewa a shekarun 1980, da aka kafa wa makiyayan wannan yanki shingayen sitailo, wata ciyawa mai yawan furotin, domin shanu masu shayarwa, su ma raunanan shanunsu suka riƙa turawa ciki. Mai garke so yake kowace ta kai damina da rai, kuma na ba shi gaskiya, domin farkon bazara ne shanu suka fi faɗuwa, lokacin da sabon tsiro ya fito duk ruwa, yana sa su gudawa.

A rani na biyu tun Disamba muka shiga garken tare, shi da sanda ni da takarda. Muka ware masu ciki da makinsu ya gaza 4, aka ba su maganin tsutsa, Inna ta keɓe musu harawar wake a kan rumfa. Farar saniyar nan tana cikinsu. Ta haihu a ƙarshen Afrilu, ta miƙe da kanta ta lashe maraƙinta.