Kafin ka miƙa riyal ɗinka: yadda ake zaɓen littafi a Makka da Madina

Wanda ya shiga shagunan littattafai na Aziziyya a Makka, ko waɗanda ke jere kusa da Jami'ar Musulunci a Madina, ba rashin littafi ke damunsa ba. Yawansu ne ke ruɗa shi. Kanta bisa kanta har rufi, kwalaye a ƙasa ba a ma kwance su ba. Bahaushe mazaunin ƙasar nan, ɗalibi ne ko direba ko mai shago ko uwar gida, galibi abu uku ke sa shi ciro kuɗi: sunan marubucin ya saba ji, ko bangon ya sha ruwan zinare, ko an yi ragi. Babu ko ɗaya a cikinsu da ke nuna za a karanta littafin, balle a amfana.

Abin da nake so ɗan'uwa ya riƙe shi ne, kowane fanni da irin tambayar da ake yi wa littafinsa. Tambayar da za ka yi wa littafin hadisi daban, ta littafin lafiya daban, ta tarihi daban. Mai tambaya ɗaya a ko'ina shi ne yake komawa gida da kaya masu nauyi marasa amfani.

Fara da shafin da kowa ke tsallakewa, wato bayan shafin suna. A kusan duk littafin da aka buga a Saudiyya akwai ɗan akwati a nan ɗauke da bayanin Ɗakin Karatu na Ƙasa na Sarki Fahad da ke Riyad. A ciki za ka ga cikakken sunan marubuci, garin da aka buga, shekara, yawan shafuka, lambar ISBN da Larabawa ke rubutawa "radmak", sai wata lamba da aka sa wa "Diwi" a gabanta. Lambar ISBN ma tana magana: idan bayan 978 ka ga 603 ko 9960, bugun Saudiyya ne, 977 na Masar ne, 9953 ko 614 na Labanan. Shekarar kuwa yawanci ta Hijira ce, ka ƙara mata 579 ka sami ta Miladiyya ko kusa da ita, 1420 ta zama 1999 ko 2000.

Lambar Diwi ita ce taswirar ilimi gaba ɗaya, an kasa shi gida goma. Gidan 100 falsafa da halayyar ɗan Adam, 200 addini, 300 zamantakewa da tattalin arziki da doka da tarbiyya, 400 harshe, 500 kimiyya, 600 likitanci da sana'o'i, 700 zane da gini da wasanni, 800 adabi, 900 tarihi da labarin ƙasa, sai 000 na ilimin gama-gari da kwamfuta. A tsarin da ake bi a nan an buɗa wa Musulunci gidan 200: Alƙur'ani a 220, hadisi a 230, aƙida a 240, fiƙihu a 250. Ka koma gida ka duba littattafanka ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta lambobinsu a takarda. Yawancinmu za mu tarar kusan duk a 200 suke. Wannan ba aibi ba ne, shi ne tushe. Amma mutumin nan yana da jiki da ke ciwo, yana da 'ya'ya a makaranta, yana da kwantiragin aiki da ya sa wa hannu, yana da kakanni da suka tako da ƙafa ta Chadi da Sudan har Sawakin kafin su ƙetaro Jidda. Gidan da ka ga babu komai a cikinsa, nan ne littafinka na gaba yake.

A littattafan addini da na Larabci, tambaya ta farko ita ce mataki. Malamanmu ba su yi kuskure ba da suka jera Ahalari, sai Ishmawi, sai Iziyya, sai Risala, kafin a doshi Muktasar. Haka a nahawu, Ajuruma kafin Alfiyya. Wanda ya tsallake ya sayi sharhi mai mujalladi goma ba tare da ya ci ƙaramin matani ba, zai yi shafi talatin ya ajiye, domin marubucin yana magana ne da wanda ya riga ya san kalmomin fannin. Sannan ka lura da mazhaba. Yawancin littattafan fiƙihu da ke gaban kanta a nan na Hambaliyya ne, mu kuwa mun tashi a Malikiyya. A wancan za ka karanta cewa cin naman raƙumi yana warware alwala, a Risala ba haka ba ne. Ƙunutin Asuba da muka saba da shi ma ba ɗaya ake ɗaukarsa ba. Duka maganar malamai ce mai hujja, amma wanda bai san daga wace makaranta littafinsa ya fito ba zai zaci ɗayan ɓata ne. Ka kammala littafi ɗaya a mazhaba ɗaya a gaban malami, sannan ka leƙa wata.

Tambaya ta biyu, wadda ta fi kowace muhimmanci a tsofaffin littattafai, ita ce wa ya yi tahƙiƙi. Littafin da aka rubuta shekara ɗari bakwai da suka wuce ba daga hannun mai shi ya zo maɗaba'a ba. Kwafe-kwafen hannu ne suka iso, wani da goge, wani da tsallaken layi, wani da ƙarin mai kwafa. Aikin muhaƙƙiƙi shi ne ya tara su ya gwada, ya fitar da lafazin da ya fi inganci. Ana gane aikin kirki cikin minti biyar. Buɗe gabatarwa: ya faɗi kwafi nawa ya dogara da su, da ɗakin karatun da kowanne yake? Ya sa hotunan shafukansu? Sauka ƙasan shafi: akwai inda ya ce a kwafin alif kaza ne, a kwafin ba kaza ne? Hadisan an faɗi inda suke da lambarsu da matsayinsu? Idan abin da ka gani a bango kawai shi ne wai wasu jama'ar malamai ne suka gyara, babu sunan kowa, to babu wanda ya ɗauki alhakin kuskuren da ke ciki. Irin wannan bugu ya fi araha, kuma a nan ake samun kalmar "la" ta korewa ta faɗi daga jimla, haram ya koma halal. Gwaji mafi sauƙi shi ne ka nemi wurin da ka haddace, hadisin niyya ko wani baiti, ka karanta shi a tsanake da wasullansa. Kuskure biyu a shafin da ka sani yana nufin akwai irinsu a shafukan da ba ka sani ba.

Ka kuma raba littafin karantawa da littafin dubawa. Musnadin Imamu Ahmad bugun Mu'assasar Risala, wanda Shu'aibu Arna'uɗ ya jagoranci aikinsa, mujalladi 50 ne. Aiki ne babba, amma ba wanda ake farawa daga farko a kai ƙarshe ba ne. Ana buɗe shi ne a nemi hadisi. Mai bincike yana buƙatarsa a gida. Sauranmu manhajar Shamila, mai tarin littattafan addini da na Larabci, a waya ko kwamfuta ta ishe mu, ko ɗakin karatun Masallacin Annabi, ko wanda ke cikin Harami a Makka, inda ake zama a karanta kyauta.

Da ka ƙetara zuwa 500 da 600 da 300, tambayar ta juya. A nan shekara ce kan gaba, ba girman suna ba. Littafin lafiya da yake cewa damuwa da barkono ne asalin olsa ya tsufa, domin tun shekarun 1980 wasu likitoci biyu a Ostireliya suka nuna cewa ƙwayar cuta ce ke haddasa yawancinta, har aka ba su kyautar Nobel a 2005, kuma ana maganinta da ƙwayoyin kashe ta. Littafin sararin samaniya da ya lissafa duniyoyi tara ya riga 2006, shekarar da aka cire Fuluto daga jerin. Taswirar da Sudan take dunƙule ɗaya ta riga 2011. Mai shago da ya sayi littafin lissafin kasuwanci na kafin 2018 ba zai ga harajin kaya a ciki ba, wanda ya fara da kashi 5 a Janairun shekarar, ya koma kashi 15 a Yulin 2020. Dokokin sauya wurin aiki da na fita da dawowa ma an taɓa su a Maris na 2021. A irin waɗannan fannoni ina ganin duk abin da ya haura shekara goma sai da taka-tsantsan, na doka da haraji kuwa shekara uku ma ta yi yawa. Hattara da wata dabara: wani bugun sabuwar shekara aka buga masa a bango, amma cikinsa tsoho ne. Duba jerin madogaran da ke ƙarshe. Idan mafi sabo a cikinsu na 1995 ne, to ilimin littafin a 1995 ya tsaya.

Ga mai son ɗanɗana fannoni da yawa da kuɗi kaɗan, jerin Alamul Ma'arifa na Kuwait ya daɗe yana wannan hidima. Tun Janairun 1978 aka fara fitar da shi wata-wata, ya kai ɗaruruwa, daga tattalin arziki zuwa ilimin ƙwaƙwalwa, kuma ana samun tsofaffinsa a shagunan littattafan hannu. Mu'assasar Hindawi ta ɗora littattafai masu yawa kyauta a intanet, cikinsu har da fassarar gajerun gabatarwar fannoni da Jami'ar Okusfod take bugawa. Da yake da yawa daga irin waɗannan fassara ce, ka nemi sunan mai fassara da sunan littafin na asali a shafin nan na baya. In babu su, ajiye. Karanta sakin layi biyu da ƙarfi. Idan Larabci ne a ido amma kunne bai karɓa ba, an bi kalma da kalma ne, kuma haka za ka sha wahala har ƙarshe.

Tarihi kuma tambayarsa ita ce wa yake magana, kuma a ina yake tsaye. Imamu Ɗabari, wanda ya rasu a 310 Hijira, ya faɗa da bakinsa a gabatarwar tarihinsa cewa yana kawo labarai ne da isnadinsu yadda suka iso masa, alhakin na masu ruwaya ne. Saboda haka ba littafin mai farawa ba ne, sai wanda zai iya tantance maruwaita. A tarihinmu, Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, wanda ya rubuta a 1812, shaida ce ta wanda aka yi jihadin da shi, har wasiƙun da suka yi musaya da Shehu Alkanemi na Borno suna ciki. Darajarsa ke nan, kuma dalilin da ya sa ake haɗa shi da abin da mutanen Borno suka ce ke nan. Haka labarin 1903, faɗuwar Kano da Sakkwato da yaƙin Burmi: abin da jami'in Turawa ya rubuta wa magabatansa ba zai zama ɗaya da abin da zuriyar masu hijira suka riƙe a garin Mai Wurno na Sudan ba. A tarihi littafi ɗaya ba ya isa, ka sayi biyu da ba su fito daga gida ɗaya ba.

Na Hausa ba su da yawa a kantunan nan, kuma abin yana da ciwo, domin yaranmu da aka haifa a Makka da Jidda suna jin Hausa amma da yawansu ba sa iya karanta ta. Akwai fassarar Alƙur'ani ta Shehu Abubakar Gumi da Cibiyar Sarki Fahad ta Madina ke bugawa, akwai ƙananan littattafai a ofisoshin wa'azi na baƙi. Sauran sai an yi saƙo. In ɗan'uwa zai zo Umara, ka roƙe shi ya riƙo littattafan da suka fito daga gasar rubutu ta 1933 a Zariya, da Magana Jari Ce, da ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Ka ce ya duba cewa ƙ da ɗ da ɓ sun fito da lanƙwasarsu, domin yaron da ke koyo ba zai bambance ƙafa da kafa ba in an buga su iri ɗaya.

Idan littafi ya tsallake duk wannan, saura mataki da jiki. Buɗe tsakiya, ba farko ba, domin marubuta sun fi gyara babin farko. Karanta shafi guda. Kalmomin da ba ka sani ba in sun wuce biyar ko shida, ya fi ƙarfinka a yanzu, nemi ƙaninsa. Sannan ka tuna lissafi: shafi 10 a rana, tsakanin Magariba da Isha ko bayan Asuba, shafi 3,650 ne a shekara, wato littafi 12 masu shafi 300. Wanda ya kwaso 40 a baje kolin littattafai na Riyad ko na Jidda ya sayi karatun shekara uku da ɗoriya. Sha biyun nan, a raba su: huɗu ko biyar na addini, sauran a yaɗa su a gidajen da suke fayau.

Jikin littafi kuwa, buɗe shi sosai ka leƙa tsakiyar ɗaurin. In ka ga zare, ɗinki ne, zai daɗe. In manne ne kawai, zafin motar da aka ajiye a rana yini guda ya isa ya sa shafuka su fara zubewa. Takarda mai ruwan madara da ake kira shamwa ta fi farar sauƙi ga ido. Ana buga littafi ne a malzama, galibi shafi 16 kowace, saboda haka ka bi lambobin shafi da babban yatsa. In ka ga an yi tsalle daga 96 zuwa 113, malzama ɗaya ta ɓace, wani lokaci kuma a maimaita wata a gurbinta. Mai mujalladai da yawa, a kwance kwalin a gabanka a ƙirga, domin ana samun na bakwai sau biyu babu na takwas, ko a cakuɗa bugu biyu har lambobin fihirisa su daina dacewa da shafuka.

Mai niyyar kai su gida ya yi lissafin awo tun a shago. Mujalladi mai shafi 600 yana kai kilo guda ko kusa, jakar jirgi kuwa a yawancin kamfanoni kilo 23 ce. Riyadus Salihina da Arba'una da Risala ana samunsu a kasuwar Kurmi da Sakkwato da Yamai, ba sai an ɗauko daga nan ba. Kilon ka bar wa bugu mai tahƙiƙi da ba ya isa can, ka naɗe kowanne a leda, ka jera su a kwance a ƙasan jaka, tufafi a samansu.